Gidan Kube-Fanko

Valcayrac, Faransa
Janairu, 1979

Zuwa ga 'yar'uwata Huguette,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ke da maigidanki Numa da yara da shanu baki ɗaya. Yaya kuke fama da sanyi? Na san naku na kan dutse ba wasa ba ne. Ni dai da sauƙi, ban da gwiwar hagu da ke gaya mini za a yi ruwa tun kafin rediyo ya faɗa. Katinki na sabuwar shekara ya iso, da hoton bikin ɗanki a ciki. Allah ya ba su zaman lafiya.

Shekara da shekaru muna musayar kati, ke layi biyu ni layi biyu, ba mu taɓa haɗa ido ba. Yau sai kin yi haƙuri da ni, wasiƙar da tsawo, kuma a kan hoton nan ne. Ki yafe mini, ba amarya na kalla ba. A bayan kan ango, jikin bangon barga, akwai wani dogon ƙarfe rataye a ƙusa, mai ƙotar tagulla. Na sa gilashi na dube shi har idona ya kawo ruwa. Banati ne, wato wuƙar da soja ke kafawa a bakin bindiga, kuma irin na yaƙinmu da Jamusawa ne na 1870.

Ga dalilin da ya sa na damu da shi. Kakana Firmin da kakanki Célestin wa da ƙane ne, tare aka kwashe su yaƙin nan. Da rundunarsu ta karye a cikin ƙanƙara ta tsallaka ƙasarku, kowane soja sai da ya zube makamansa a bakin iyaka, bindiga da wuƙa da kubenta. Firmin ya ɓace daga layi yini guda, ya dawo shi kaɗai, ba ƙanensa, ba wuƙarsa, sai kube fanko. An tambaye shi ya ƙi magana. Hafsan da ke karɓar makamai ya jefa masa kuben a ƙirji, ya ce riƙe abinka, matsoraci. Kakan Gaston Malaval, mai shagon kofi na garinmu, yana wurin, shi ya kawo labarin gida. Tun daga ranar sunan gidanmu ya koma Gidan Kube-Fanko. Da shi aka tsokani babana a makaranta, da shi aka tsokane ni, har yau in na shiga shagon Gaston sai ya ce, “A ba Kube-Fanko kujera, kada ya gudu.” Firmin ya mutu bai ce uffan ba. Sai bayan mutuwarsa aka ji Célestin na raye a wajenku.

Abin da ya hana ni sakat tun ina yaro shi ne, a saman murhu Firmin ya rataye kuben, inda duk baƙon da ya shigo zai gani. Wa ke rataye abin kunyarsa a saman murhu?

Kowace irin wannan wuƙa da lambarta, an buga ta a gindin ƙota, an buga irinta a wuyan kube. Neman lambar nan ya mai da ni mai tara wuƙaƙen bindiga. Na bi kasuwannin tsofaffin kaya shekara arba'in, na cika bangon ɗaki biyu. Ina da irin na farko da ake cusawa cikin bakin bindiga kamar marfin kwalba, mutum ya kafa wuƙa ya rasa harbi. Ina da masu zobe da suka gyara wannan wauta, ina da siraran nan masu kama da tsinke na yaƙin duniya na farko. Marigayiya matata takan ce ta auri mutum ta tare da bataliya. Duk cikinsu babu wadda nake nema.

Yanzu kuma abin ya zo da wa'adi. Garinmu zai kafa allon dutse da sunayen mutanenmu da suka je yaƙin nan, kuma kwamiti, wanda Gaston ke jagoranta, ya ce ba za a sassaƙa sunan wanda ya yar da makaminsa ba. Za su yi zaman ƙarshe a makon da ke bin bikin Ista, daga nan sai mai sassaƙa.

Ki gaya mini, ina kuka samo ƙarfen nan? Kuma don girman Allah kada a wanke shi, kada a kankare, kada kowa ya kai shi kusa da dutsen wasa wuƙa. Lamba ba ta da zurfi, goga ɗaya ta tafi.

Ɗan'uwanki,
Octave Marsal

*

La Combette, Suwizalan
Fabrairu, 1979

Ɗan'uwa Octave,

Mun gode da gaisuwa. Mu lafiya sai Numa, sanyi ya kama masa ƙirji, yana asibiti a gari. Kullum ina kan hanya tsakanin gadonsa da barga, a tsaye ma nake rubuta wannan. Ƙarfen da ka gani na Kaka Célestin ne, da shi ya zo gidan nan. Amma ba ya nan yanzu, maƙwabcinmu Perrenoud ya zo nema na ba shi, ya fi mu buƙata. In hankali ya kwanta zan rubuto maka da kyau.

Huguette

*

Valcayrac
Maris, 1979

Huguette,

Ina fata Numa ya samu sauƙi. Na sa an ambace shi a coci ranar Lahadi. Ni kuwa ba zan ce miki lafiya nake ba, don ƙarya ne.

Na jira wasiƙar da kika ce za ki rubuto har mai kawo wasiƙa ya fara kauce wa ƙofata don kada mu haɗa ido. Shiru. Katin naki na karanta shi ya fi a ƙirga, ban ga abin da ya canza ba. Na ce miki sunan kakana na rataye a jikin ƙarfen nan, ke kuma kin ce kin ba maƙwabci. Kamar dai tsani ko garma.

Bakina kuma ya ja mini. Ranar da na aika miki wasiƙar farko ban iya riƙe murna ba, na shiga shagon Gaston na ce ya shirya kunyarsa, wuƙar Firmin ta bayyana a Suwizalan. Shekaranjiya sai ga shi ya dawo daga kasuwar masu tsofaffin makamai ta can wajenku, ya shimfiɗa wata wuƙa a kan tebur, irinta sak, ba kube. Ya ce, “Wani manomi ne ya kawo wa dillali, wai a barga ya same ta. Arha kamar banza, Kube-Fanko.” Na ce ya ba ni in duba lamba. Ya rufe gindin da babban yatsa, ya ce sai ranar zama. Mutanen shago suka yi ta dariya, ni kuma na bar kofina ban sha ba.

To ki gaya mini gaskiya. Shi Perrenoud ɗin ne ya sayar? In kuɗi kuke nema saboda asibiti ai da sai ki faɗa, da na kwashe bangon nan biyu na kai kasuwa ban waiwaya ba. Ban taɓa roƙon danginmu na can komai ba sai wannan. Babana yakan ce reshen Célestin sun manta da mu tun da suka ji daɗin cuku, ina musa masa. Ban so a ce shi ke da gaskiya ba.

Octave

*

La Combette
Maris, 1979

Yaya Octave,

Na ce Yaya don ka girme ni a shekaru, a hankali kuwa sai an sake lissafi. Muna lafiya. Numa ya dawo gida, ya rame amma bakinsa na nan, har ya fara kushe miyata. Ya ce a gode maka da addu'a. Wasiƙarka ta biyu ni na karanta masa, ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, saboda haka in ciwon ya dawo kai ne.

Wato mu ne muka sayar da gadon kakanmu don mu biya likita. Sannu. Da kana kusa da ka sha ludayi. Amma da na sake duba abin da na rubuta maka a tsaye, na ga ni ma da laifina, na yi maka magana kamar ɗan ƙauyen nan wanda ya san komai.

Ƙarfen yana ɗaure a ƙafar maraƙin Perrenoud. Wajen haihuwa aka ja shi da ƙarfi, ƙafar gaba ta karye. A wannan kwarin kowa ya san in ɗan dabba ya karye, gidanmu ake zuwa aron ƙarfen Kaka. Mu ba mu taɓa kiran sa wuƙa ba, ƙarfen ɗori muke cewa, don ko man shanu ba ya yankawa. A naɗe ƙafa da ulu, a kwantar da shi a gefe, a ɗaure da tsumma, bayan 'yan makonni a kwance. A shafe shi da man alade a mayar ƙusarsa. Likitan dabbobi na yi mana dariya, ya ce akwai filasta, amma shi ma ya taɓa aikowa a ba shi aro. Haka uwata ta yi, haka kakata ta yi, ba a hana kowa.

Yanzu ka gyara zama. Na san Kaka Célestin, ina 'yar shekara goma ya rasu. Gurgu ne, ƙafar dama ta fi ta hagu gajarta. Kakata ce ke ba da labarin, don shi ba ya so. Ta ce a lokacin da sojojinku ke kwarara ta babbar hanya, ita tana budurwa, ta fito tatsar safe sai ga wani soja ya ɓullo ta cikin daji, ba ta hanya ba, goye da wani a baya, ƙanƙara har gwiwa. Keken igwa ya taka na goyen. An ɗaure masa ƙafa da yagaggiyar riga, da wannan ƙarfen a jiki. Mai goyon ya kwantar da shi a kan ciyawa cikin shanu don ɗumi, ya sha madara a tsaye, ya sumbaci goshinsa, ya koma ta inda ya fito. Ubanta ya ce ya tsaya ya ci burodi, ya ce ana jiran sa.

Lokacin da aka mayar da sojoji Faransa Kaka bai iya taka ƙasa ba, da ya warke kuma ya riga ya ga kakata. Ya zauna, yana tsoron a ce ya gudu daga soja a zo a kama shi. Sunan wanda ya kawo shi bai taɓa fita daga bakinsa ba. In an matsa masa sai ya ce, “Wanda ya kawo ni ya fi ni asara.” Mu duk mun ɗauka wani bawan Allah ne mai wucewa. Da na karanta wasiƙarka ta farko a asibiti sai na fita baranda na yi kuka, don na gane wa kakata ta ba madara.

Ganewa dai ba shaida ba ce, na sani, kai lamba kake so. Gindin ƙotar na cikin tsumma, kuma ba zan kwance ɗori kafin lokacinsa ba ko shugaban ƙasarku ne ya aiko. Kwamitinka na iya jira, maraƙi ba ya iyawa. Shi kuma Gaston ɗinka, ban san bargar wa aka kwaso masa tasa ba, amma ba tamu ba ce.

Tambaya ɗaya daga Numa: me ya sa bai ɗaure da kuben ba, ya bar tsirarar wuƙa a jikin mutum?

Ƙanwarka, duk da ka zage mu,
Huguette

*

Valcayrac
Afrilu, 1979

Ƙanwata Huguette,

Barka da dawowar Numa, Allah ya ƙara sauƙi. Ni gwiwa ta daina ciwo, ko kuma na daina jin ta. Ludayin na karɓa, na kuma cancanci na biyu. Saurin fushi shi ke kawo da na sani, ki yafe mini, ki ba Perrenoud haƙuri ko da bai san na zarge shi ba.

Na karanta labarin kakarki a tsaye gaban murhu, ƙarƙashin kuben. Yanzu na san abin da ya rufe bakin Firmin. Da ya faɗi inda wuƙar take, ya faɗi inda ƙanensa yake, da an bi sawu an ɗauko shi da karyayyar ƙafa, ko daga baya a rubuta shi cikin waɗanda suka gudu. Sai ya zaɓi a kira shi matsoraci. Na yi shekara saba'in ina jin haushin mutumin nan a ɓoye, ina kare shi a waje, ashe ko takalminsa ban isa in ɗauka ba.

Ki gaya wa Numa tambayarsa ta masu hankali ce. Kuben gwangwani ne, yana lanƙwasa, ba zai riƙe ƙashi ba. Ita kuwa wuƙar gadon bayanta da kauri, kuma yawanci ba a wasa musu baki, tsini ake so. Firmin ɗan makiyaya ne, ya san abin da yake yi.

Amma kada mu yi saurin rawa. Irin wannan wuƙa an ƙera ta dubbai a kan dubbai, kuma hanyar nan cike take da su a wannan makon. Gaston zai ce ta Célestin ce da kansa, ko tsintarta aka yi. Lamba kaɗai za ta rufe masa baki. Ba zan rubuta miki tawa ba. Ƙa'idarmu ce mu masu tarawa, mai kube ba ya faɗa wa mai wuƙa lambarsa, don kada a ce an je wurin maƙeri an buga. In an kwance ɗorin ki share man da tsumma mai laushi kawai, ki ɗora siririyar takarda, ki goga fensir a kai, ki aiko. Na roƙi kwamiti su ɗaga zama sun ƙi, saboda haka duk asuba ina yi wa maraƙin nan addu'ar da ban taɓa yi wa ɗan'adam ba.

Yayanki mai kunya,
Octave

*

La Combette
Afrilu, 1979

Yaya,

Duk muna lafiya. Maraƙi ya miƙe jiya, har ya harbi Perrenoud a cinya, saboda haka addu'arka ta ci. Na share man, lamba na nan raɗau kamar jiya aka buga ta, ashe man aladen nan shi ya hana tsatsa. Ba zan aiko da takarda ba, kuma ba zan faɗa maka ba, kai ka koya mini ƙa'ida. Zumunta a ƙafa take. Ka tare ni a tashar jirgin ƙasa ranar Talata bayan Ista. Za ka gane ni, ni ce gajeruwa mai dogon ƙunshi.

Huguette

*

Valcayrac
Afrilu, 1979

Numa nawa,

Na sauka lafiya. Yaya ƙirjin? Ka sha maganinka, kada ka fita barga ba hula, na bar wa yara sallahu su sa maka ido. A iyaka ma'aikaci ya tambaye ni abin da ke cikin ƙunshin, na ce ƙarfen ɗori ne, ya shinshina ya ji warin barga ya ce in wuce.

Octave dogo ne siriri, da hancin Kaka Célestin sak, har na tsorata. A tasha ya kasa kallon fuskata, idonsa na kan ƙunshin kamar mai jego da jariri. Na ce ya riƙe mini jaka, ƙunshi kuwa sai gobe. Ɗakunansa biyu ka rantse ma'ajiyar soja ce, abinci kuwa ba komai sai gwangwanin kifi. Na dafa mana dankali.

An yi zaman a ofishin magajin gari, kuma rabin gari ya zo kallo. Shi Gaston ƙato ne mai jan fuska, da wuƙarsa a gabansa. Da muka shiga ya ce, “Kube-Fanko ya kawo lauya daga Suwizalan.” Na ce, “Ba lauya ba ce, mai tatsar shanu ce, na saba da masu yawan kuka.” Aka yi dariya, shi ma ya dara, ba mugu ba ne, baki ne da shi.

Magajin gari ya karɓi kuben ya rufe lambar da tafin hannu. Octave ya ce a fara da wuƙar Gaston. Gaston ya ɗan yi tari ya ce a bar ta, ya duba tun a kasuwa, shekarar da ke rubuce a gadon bayanta ma bayan yaƙi ce, ya saye ta ne kawai don ya ga fuskar Octave. Matar Gaston daga bayan ɗaki ta ce, “Tsohon banza.”

Sai na kwance ƙunshina. Warin barga ya cika ɗakin, wata mata ta toshe hanci. Na ba su labarin kakata kamar yadda ka san shi, da madarar da komai. Gaston ya ce labari da daɗi, amma kowa na da kaka. Na ce to ga shi, kai ka karanta da bakinka. Ya ciro gilashinsa na duba lamba, ya juya ƙarfen, ya daɗe a kan gindin ƙotar yana neman alamar sabon bugu. Na ga lokacin da fuskarsa ta canza. Ya ce, “Bugun asali ne, ba wanda ya taɓa shi.” Sannan ya karanta, harafin K, sai huɗu, sifili, bakwai, ɗaya, shida. Magajin gari ya ɗaga hannunsa daga kuben, ya duba, ya sake dubawa, ya miƙa wa Gaston. Octave kuwa tun da Gaston ya karanto bakwai ɗin ya zauna a kujera, don shi ya haddace ta tun yana yaro.

Wani ya ce a mayar da ita kubenta a gani. Octave ya tashi ya zura. Ta tafi sumul har saura kamar faɗin tafin hannu, sai ta cije. Ka san shekara ɗari tana ɗaure a ƙafar maruƙa, ta ɗan karkace. Ya tsaya yana lallaɓa ta kamar ƙwai, gumi na zuba, wai kada a ji wa kayan tarihi ciwo. Na ce, “Yaya, ba ni nan.” Na kafa ƙasan kuben a teburin magajin gari, na ba ƙotar duka ɗaya da tafin hannu yadda nake yi wa sakatar barga. Ta shige ƙwal. Wasu masu tara tsofaffin makamai su uku da ke wurin suka dafe ƙirji lokaci guda, sauran jama'a kuwa suka ɓarke da tafi.

Gaston ya tsaya da abin a hannu biyu. Ya ce, “Kakana ya faɗi abin da ya gani, amma rabi ya gani.” Ya juya wajen magajin gari ya ce a rubuta Firmin Marsal, kuma shi ya kawo shawarar, a sa a takarda. Ba wanda ya ɗaga hannu ya ƙi. Octave ya rufe fuska da hularsa yana kuka, ni ma ban tsira ba.

Daga nan magajin gari ya ce za a yi wa wuƙar akwatin gilashi a ajiye ta a ofis. Na ce a'a, aronta na kawo, shanunmu na haihuwa har watan gobe. Octave ya bi ta da kallo ina naɗewa, na kuwa ji tausayinsa. Ina nan tafe ranar Asabar. Ka ce wa yara su share ƙusar.

Taka,
Huguette

*

Valcayrac
Yuni, 1979

Ƙanwata Huguette,

Gaisuwa gare ki da Numa da amarya da ango, da maraƙin Perrenoud in yana karɓar gaisuwa. Ni lafiya lau, har na yi ƙiba, don matar Gaston ta ɗora wa kanta aiko mini da miya.

An kafa dutsen ranar Lahadi, da limamin coci da 'yan badujala. Sunan na nan, Firmin Marsal, kuma mai sassaƙa ya ce a ƙarƙashinsa akwai wuri, sai kwamiti suka ce a sa Célestin. Na sa yatsa na bi haruffan ɗaya bayan ɗaya a gaban kowa, ban ji kunya ba. Da muka koma shago Gaston ya ja mini kujera ya ce, “Zauna, Marsal.” Sai na ji sunan ya yi mini baƙo. Na ce ya mayar mini da nawa, Kube-Fanko nake, jikan Kube-Fanko, kuma daga yau duk wanda ya faɗa sai ya cire hula. Ya cire.

Ba zan ɓoye miki ba, ranar da kika naɗe wuƙar kika hau jirgi na ji kamar an zare mini haƙarƙari. Shekara arba'in ina nema, kwana huɗu ta yi a gidana. Na yi ta kallon bangon nan biyu, wuƙaƙe reras, kowace na goge ta na rataya mata suna, ba wadda ta taɓa yi wa kowa amfani tun da ta shigo hannuna. Firmin bai ba da tasa don a sa a gilashi ba.

Saboda haka ƙunshin da ya zo da wannan wasiƙa kuben ne. Ki rataye su tare a ƙusar barga, in an dawo da ita daga ɗori a shafa mata mai a mayar da ita ɗakinta. Kada ki ce na yi hasara, saman murhuna ba fanko yake ba, na sa hoton bikin ɗanki a wurin, kuma wannan karon na kalli amaryar, kyakkyawa ce.

In Allah ya kai mu watan Agusta zan zo. Ki nuna mini ta inda ya ɓullo daga daji, sannan ki ba ni madara. A tsaye zan sha, amma ni zan tsaya in ci burodin.

Yayanki,
Octave Kube-Fanko